Kawu da Jan Layin Gwiwa

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Kawu ya rasu wata Laraba da hantsi a ɗakinsa na Kazaure, bayan ya sha kunu ya ce tsamiyar ba ta ji ba. Kafin azahar mun kai shi. Ni na shiga kabari na karɓe shi, kuma abin da ya tsaya min a rai shi ne rashin nauyinsa. Shekara da shekaru ina goyon mutumin nan a bayan babur ina ƙorafin zai fasa min taya, ashe jakar kayan aikinsa ce mai nauyin.

A zaman makoki duk wanda ya shafa fatiha sai ya ce, "Allah ya jiƙan Malam, mutum mai haƙuri, ba a jin kansa da kowa." Na ji wannan magana har ta ishe ni. Da na shiga cikin gida gaida Inna, wato mahaifiyata, wadda take yayarsa, sai ta ja ni kusa ta ce, "Me suke cewa a waje?"

Na ce, "Wai mai haƙuri ne."

Ta yi dariya har dariyar ta koma kuka. Ta ce, "Wa? Ƙanen nawa? Je ka ce su yi masa addu'a kawai, su bar yi masa ƙarya."

Mai shayin bakin titi ya fi su gaskiya. Ya zauna kusa da ni ya ce, "Ya tafi bai taɓa yarda shayina ya yi daidai ba. Kuma bai taɓa sha a wajen wani ba." Can da yamma wani mutum ya iso daga Yankwashi da firinta ɗaure a bayan kekensa, bai ji labarin rasuwar ba. Ya ga tabarmi, ya ga mutane, ya jingine keken a hankali ya zauna. Da ya tashi tafiya ya kwance firintar ya ajiye a zaure. Na ce masa mai gyaran fa ya tafi. Ya ce ya sani, shi dai ba zai iya komawa da ita yau ba. Tana nan har yanzu.

Ni ban yi karatu mai nisa ba, firamare ma ban gama ba, kuma na gaji da yawa da zan tsaya ƙawata magana. Amma na ga in ban rubuta ba, nan da ɗan lokaci za a mayar da Kawu wani salihin tsoho mai carbi wanda bai taɓa ɗaga murya ba. Wannan ba kawuna ba ne.

Da gyaran tafireta ya fara. Daga nan ya yi aikin rediyon oba-oba, ta aika saƙo tsakanin ofisoshi, a ofishin gwamnati. Kwamfuta ta zo yana da furfura, sa'o'insa suka ce abin yara ne, shi kuwa ya sayi wata matacciya a Kano ya farke ta a kan tabarma ya yi ta kallo har ya gane kanta. Da idonsa ya fara rauni ya daina hawa babur da kansa, Inna ta ce in riƙa kai shi. Ni ɗan acaba ne da ma. Ya daina kirana da sunana, sai "Direba."

In an kira shi gyara ba ya taɓa na'ura da zuwansa. Sai ya nemi ruwa, ya zauna, ya ce, "Yaushe ta fara?" In mutum ya ce, "Wallahi kawai gani muka yi," sai ya ɓata rai. "Ba a kawai gani. Wani ya taɓa wani abu. Kar ka gaya min abin da kake zato, gaya min abin da ka gani." Ya sha korar mutane daga ofishinsu na kansu saboda suna tsaye a kansa suna ba shi shawara.

Ni ma mun yi. Wata rana a hanyar Roni, wajen duwatsun nan, na faɗa rami da gudu, jakarsa ta bugu. Ya ce in tsaya. Ya sauka, ya rungumi jakar, ya kama tafiya a ƙasa cikin rana. Na ce ya hau, ya ce ba ya hawa bayan mahaukaci. Na ce to ya nemi mai hankali. Haka muka yi ta tafiya, shi a gaba, ni a baya ina tura babur, ba mai yi wa wani magana, har muka kai wata inuwa. Ya zauna, ya ciro goro ya raba biyu, ya miƙo min rabi yana kallon wani waje. Iyakar ban haƙurin da na taɓa samu daga wajensa ke nan.

Amma abin da na fi so a sani shi ne maganar Gwiwa.

Kawu yana da amini, wani tsohon dispensa, wato ma'aikacin ba da magani, da ya buɗe ƙaramin asibitin kuɗi. A Gwiwa ya fara, daga baya ya buɗe babba a Kazaure, da rassa a Roni da Babura. Wata damina gara ta cinye katunan marasa lafiya, matan awo suka zo ba a san wa ke da hawan jini ba, wa aka taɓa yi wa aiki. Tun daga nan tsohon ya ce a koma kwamfuta, kuma Kawu ne ya haɗa komai. Ya ajiye wata babba a Kazaure wadda yake kira rumbu. Kullum bayan la'asar, kafin a kashe injin wuta, kwamfutar kowane reshe za ta turo kwafin aikin ranar cikin rumbun, don ko ta reshe ta ƙone ba a yi asara ba. A fuskar rumbun akwai layi-layi, kowace kwamfuta da nata. Wadda ta turo, layinta kore. Wadda rumbu ya nema bai samu ba, ja. Wannan ko ni na iya karantawa. Layin Roni an rubuta Roni, na Babura Babura, amma na Gwiwa sunan tsohon ne a kai, domin a teburinsa take, kuma Kawu ne ya sa mata don girmama amininsa.

Tsohon ya rasu ya bar 'ya'ya maza biyu a kan asibitin. Babban yana Kazaure, ana ce masa Manaja. Ƙanen yana riƙe da Roni, ana ce masa Dakta. Suna gaisawa, iyakarta ke nan.

A Gwiwa kuwa akwai Madam. Kirista ce daga kudancin Kaduna, mijinta malamin makaranta ne, a nan ya rasu, ita kuma ta zauna da 'ya'yanta tana aikin rubuta marasa lafiya da kula da kwamfutar. Hausarta ta fi tawa. Matan ƙauye ba sa yarda su faɗi watan cikinsu ga kowa sai ita.

Sai layin Gwiwa ya fara ja. Yau kore, gobe ja, jibi ja, gata kore. Rumbu ya rubuta wani Turanci, Kawu ya ce ma'anarsa wai an fara magana an katse. Manaja ya yanke hukunci tun kafin a duba. Ya tafi Gwiwa, ya tsaya a gaban ma'aikata da matan da ke kan benci, ya ce Madam tana kashe inji da wuri ta tafi harkarta. Ta ce ba ta kashewa sai ta ga aikin ya tafi. Ya ce ƙarya take. Ya ce in wata ya ƙare jan nan bai daina ba, ta nemi wani wurin.

Kawu ya ji, ya ce, "Direba, zuba mai."

Zuwan farko ya canja wayar da ta haɗa kwamfutar da akwatin intanet, ya ce ɓera ya ɗanɗana ta. Ranar ta yi kore. A hanya ya yi ta cika baki. Ba a jima ba ta koma ja. Zuwa na biyu ya ce sabis ne ba ya isa, ya sa na hau rufin kwano na ƙara wa sandar eriya tsawo da gora, yana ƙasa yana min tsawa in juya ta gabas, ni ina ce masa nan ne gabas. Kore. Sai ja. Zuwa na uku ya tuna abin da ya taɓa faruwa a Babura, inda akwatin ya riƙa kama sabis ɗin Nijar yana sakin na gida, ya ce lalle shi ne. Ya canja layin wayar da ke cikin akwatin, ya kulle shi a kan na gida. Ya canja ɗan batirin agogon cikin kwamfutar. Ya cire manhajar turawar ya sake sa ta. Kowane zuwa sai ya ce wa Madam, "'Yata, an gama, ki kwana da daɗi." Ta daina amsawa, sai dai ta ce, "To, Baba."

Wata yana ta tafiya. Kawu ya daina cin abinci sosai, ya koma faɗa da kowa. Wata rana muna hanya ya ce min, "Direba, in fa yaron nan ya yi gaskiya?"

Na ce, "Kai ma?"

Ya ce, "Na canja komai. Ita kaɗai ce ban canja ba."

Ya sa na ɓoye babur a bayan wani shago, muka zauna ƙarƙashin wata darbejiya da ke kallon asibitin, wai mu ga ko za ta kashe inji da wuri. Inuwar ma ba ta kirki ba ce. Ba mu daɗe ba sai ga Madam da kanta ta tsallako titi da kofi biyu na kunun zaƙi. Ta durƙusa ta ajiye a gabansa ta ce, "Baba, ka shigo ciki. Daga ciki za ka fi ganina, kuma akwai fanka."

Kawu ya ɗauki kofinsa ya miƙe. Muka shiga. Aka yi la'asar, ta zauna a gaban kwamfuta hannunta a kan cinya, inji yana ta ruri, har rana ta yi sanyi. Kawu ya buga waya Kazaure ya ce a duba masa. Aka ce ja.

Daga ranar ya ce ba ya sake zuwa ko'ina. Ya ce ƙafa ta yi nata, saura ido. Kullum in kai shi asibitin Kazaure, ya ja kujera gaban rumbu, ya sa tabarau a kan tabarau, ya zauna. Ana cikin haka Gwiwa ta yi kore kwana da kwanaki a jere ba wanda ya taɓa komai. Manaja ya ce ai ga shi nan, ta ji tsoro ta gyara halinta. Kawu bai yi murna ba. Ya ce, "Abin da ya warke ban san dalili ba, zai dawo ban san dalili ba." Ya kuwa dawo.

A wajen mai shayi muka ji wani yana cewa Dakta ya dawo daga wani kwas a Kano. Kawu ya ajiye kofi ya ce, "Yaushe ya tafi? Yaushe ya dawo?" Aka gaya masa. Bai ƙarasa shayin ba. Muka koma asibiti, ya buɗe rumbun, wannan karon ba launin layi ya duba ba, cikin kayan da Gwiwa ta turo ya shiga. Ya yi ta karantawa da hancinsa a jikin gilashi. Can ya ce, "Direba, me zai sa matan ƙauyukan Roni su bar asibiti a ƙofar gidansu su tafi awo Gwiwa?"

Na ce, "Ba abin da zai sa."

Ya ce, "To ga su nan a buhun Gwiwa."

Washegari muka tafi Roni. Kwamfutar wajen karɓar kati tana nan lafiya, ita ce mai layin kore kullum. Kawu ya wuce ta ya tura ƙofar ofishin Dakta. A kan tebur ga wata sabuwa fil an lulluɓe ta da ɗankwali.

Dakta ya miƙe ya ce, "Baba, sannu da zuwa. Ba a sanar da ni ba."

"Ni ma ba a sanar da ni ba. Wannan fa?"

"Tawa ce, Baba. Da kuɗina na saya. Wanda ya sayar min ya zo daga Kano ya haɗa ta, ya sa mata abin turawar nan irin na waccan, don nawa aikin ma ya shiga rumbu."

"Yayanka ya sani?"

"Sai na nemi izini kafin in sayi abu a ofishina?"

Kawu ya yaye ɗankwalin. Ya kunna ta, ya shiga inda ake ganin sunanta, ya tsaya. Sannan ya ce, "Wa ya raɗa mata suna?"

Dakta ya ce, "Ni. Mutumin ya ce wane suna za a sa, na ce a sa na mahaifinmu."

Kawu ya cire tabarau ɗaya ya zauna. Ya yi masa bayani a hankali yadda har ni na gane. Rumbu da suna yake gane kwamfuta. Ta Gwiwa ta zo ta yi sallama da sunan tsohon, ya buɗe mata, ta fara zuba kaya. Sai ta Roni ta zo da sunan nan dai, rumbu ya ɗauka waccan ce ta dawo, ya saki ta farko ya kama ta biyu. Waccan ta sake ƙwanƙwasawa, ya saki wannan. A ƙarshe ba wadda ta gama, sai ja a layin da kowa ya sani na Gwiwa ne. Ranar da Dakta bai kunna tasa ba, Madam ta yi kore.

Dakta ya ce, "To a canja na Gwiwa."

"Waccan ta riga."

"Baba, komai Yaya ya riga. Gidan Kazaure ya riga, kujerar ya riga, motar ya riga. Sunan ma sai an ce ya riga? Ni ma ubana ne."

Na zaci Kawu zai yi masa tsawa, don ya yi wa waɗanda suka fi shi. Sai ya ce, "Ɗanka na fari sunan wa ya ci?"

"Na mahaifinmu."

"Me kuke kiransa a gida?"

"Abba."

"Me ya hana ku kira shi da sunan?"

Kawu ya ce, "Ɗan da ka haifa ka ɓoye sunan don kunya, sai ka ɗauka ka liƙa wa ƙarfe? Gobe ta lalace, masu shara su riƙa cewa a kai wane gyara, wane ya ƙi tashi. Kuma akwai mace a Gwiwa da za a kora ƙarshen watan nan a kan wannan."

Dakta ya ce shi bai san da maganar kora ba, ba wanda ke gaya masa komai. Sannan ya ce ya yarda, amma da sharaɗi: in an cire a tasa, a cire a ta Gwiwa. Kawu ya ce da ma haka za a yi. Nan take ya mayar da ta Roni Abba.

Manaja ya fi wuya. Ya ce sunan nan yana kan kwamfutar tun mahaifinsu na raye, ba zai goge shi don ƙanensa ya yi gaban kansa ba. Kawu ya ce, "Ni na sa, kuma kuskure na yi. Ranar nan da kunnena na ji ka a waya kana cewa wane ya sake yin ja, wane ba ya aiki. Sunan ubanka a bakinka, gatsal, a gaban masinja." Manaja ya sunkuyar da kai. Shi ma ɗansa na fari sunan ya ci, Halifa suke kiransa. Ta Gwiwa ta zama Halifa. Kawu ya yi kwanaki yana tsince kayan Roni daga na Gwiwa a cikin rumbu, yana zagin mutumin Kano da bai taɓa gani ba.

Layuka suka yi kore gaba ɗaya. Ni na ɗauka an gama. Manaja ya ce wa Kawu, "Baba, in kun je ku ce mata ta ci gaba da aikinta." Muka je. Muka tarar Madam ta ɗaure 'yan kayanta na ofis a leda, ta riga ta nemi motar da za ta kwashe mata kayan gida.

Kawu ya ce, "'Yata, an gano. Ba ke ba ce. Ya ce ki zauna."

Ta ce, "Baba, na gode da wahalar da ka sha. Amma a gaban matan nan aka ce min maƙaryaciya. Su ne suke gaya min abin da ba sa gaya wa mazansu. Ba zan zauna da wannan sunan ba don an aiko a ce in ci gaba."

"Ni ma na zarge ki. Kin gan ni a ƙarƙashin bishiya."

"Kai ka zo ka duba, Baba. Shi bai duba ba."

Muka juyo Kazaure. A hanya na ce masa ya bari, aikinsa na'ura ne kuma ta gyaru, Manaja ba zai taɓa zuwa ba. Ya ce in yi tuƙi.

Ofishin Manaja a cike yake, da ma'aikata da masu kawo magani. Kawu ya shiga bai zauna a kujerar da aka miƙo masa ba. Ya cire takalmi, ya cire hula, ya tsuguna a ƙasa a gaban teburin. Tsoho mai furfura, aminin uban mutum. Manaja ya zabura ya miƙe har kujerarsa ta faɗi.

"Baba, mene ne haka? Don Allah ka tashi."

"Roƙo na zo."

"Ka tashi ka faɗa, ko mene ne."

"Gwiwoyina ba su da kyau, in na tashi ba zan iya komawa ba. Gara in gama. Ka je Gwiwa ka janye maganarka a inda ka faɗe ta."

"Baba, mutane na kallo."

"Ita ma suna kallo."

Manaja ya zagayo ya tsuguna shi ma, don ba zai iya tsayuwa a kansa ba. Ma'aikatan suka rasa yadda za su yi, wasu suka fice, wasu suka durƙusa a inda suke. Ni ina bakin ƙofa ina jin kunya kamar in nutse. Aka daɗe a haka. Can Manaja ya ce da direbansa ya fito da mota. Ni da Manaja muka kama Kawu muka ɗaga, gwiwoyin suna ƙara. Aka ce ya shiga mota, ya ce shi yana da direbansa.

Ranar awo ce, benci cike da mata. Madam tana teburinta, ledar kayanta a gefen ƙafarta. Manaja ya tsaya a tsakiyar ɗakin ya gyara murya ya ce, "Madam, an gano matsalar. Ba daga wajenki ba ce."

Ta ce, "Na san ba daga wajena ba ce, Yallaɓai."

Ya waiwayi Kawu. Kawu yana kallon silin. Wata tsohuwa da ta rako jikarta ta ce, "Ɗana, ƙarasa mana, muna da nisa."

Manaja ya ce, "Na ce kin yi ƙarya a nan wurin. Ba ki yi ba. Ni ne ban bincika ba. Ki yi haƙuri."

Madam ba ta ce ta haƙura ba, ba ta ce ba ta haƙura ba. Ta sunkuya ta kwance ledar, ta ciro bironta da ɗan kofinta ta mayar da su inda suke zama. Ta juya wajen benci ta ce, "Wace ce ta gaba?"

Tana nan har yau.

Kawu ya ƙi tafiya sai da aka yi la'asar ya buga waya Kazaure aka ce masa kore. A hanyar dawowa bai cika baki ba ko kaɗan. Na ji kansa ya kwanta a bayana, na gane barci ya ɗauke shi, sai na rage gudu na riƙa kauce wa ramuka ɗaya bayan ɗaya, hannuna ɗaya a baya na riƙe rigarsa. Da muka shigo gari ya farka ya ce me ya sa nake tafiya kamar mai rakiyar amarya.

Wannan shi ne kawuna. Mai faɗa ne, mai taurin kai, ya yi kuskure ya sake yi, kuma ya taɓa zargin wadda ba ta da laifi. Amma ya sa gwiwoyinsa a ƙasa saboda matar da ba danginsa ba, ba addininsu ɗaya ba. Ya Allah, ka ga wannan tsugunon, mu ma mun gani. Ka yafe masa sauran, ka yalwata masa makwanci, ka ba Inna haƙurin rashin ƙanenta. Wanda ya karanta ya ce amin.